Malam Ayuba Mahaman, Mai Kalmar Safiya

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Malam Ayuba a garin Tchaké, cikin ƙasar Mayahi, a shekarar 1952. Mahaifinsa Mahaman manomin hatsi ne, mahaifiyarsa kuwa Kadijatu. Ya fara da karatun allo a zauren unguwarsu, sannan a 1960 aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi, inda ya tsaya bayan aji shida saboda ana buƙatar hannunsa a gandu.

Karatu da Dawowa

A 1970 ya tafi cin rani Najeriya, ya sauka a gidan wani birkila Kirista wanda ya riƙe shi kamar ɗa. A can ya karɓi bangaskiyar Almasihu, aka yi masa baftisma a 1973, daga bisani ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki a ƙasar Jos. Ya dawo gida a 1980. Yayyensa ba su ji daɗin sauya addininsa ba, kuma ba su ɓoye masa ba, amma sun yanka masa rabonsa na gona. Har ƙarshen ransa yana ambaton wannan cikin abubuwan da yake gode wa Allah a kansu.

Aure

A 1981 ya auri Furera, ɗiyar wani gidan Kirista daga wajen Tasawa. Ba ta taɓa shiga lakwal ba.

Kalmar Safiya

Gidajen Kirista a Tchaké ba su da yawa. Kowace safiya, kafin a tafi gona, sukan taru a ƙofar gidansa ya karanta musu shafi ɗaya daga wani littafin tunani na kullum da ya zo da shi, wanda aka fassara daga harshen Turawa, aka kuma tsara shi bisa yanayin ƙasarsu. A watan Afrilu na 1985, bayan farin da ya gabata, rumbuna babu komai, rijiyoyi sun yi ƙasa, ya karanta shafin ranar, wanda ke godiya saboda sabuwar ciyawa da furanni da suka rufe ƙasa. Mumuni, ɗaya daga cikin masu zuwa, wanda shanunsa suka ƙare a wannan rani, ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Malam Ayuba ya je har gida ya ba shi haƙuri, ya kuma ajiye littafin. Daga ranar ya ɗaura wa kansa ƙa'ida: aya ɗaya wadda ya karanta da idonsa a safiyar, da abu ɗaya wanda ya gani da idonsa a gona, ba ƙari. Ya yi magana a kan ƙudujin da ke shan hatsi ta ƙarƙashin ƙasa, da gawo mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka zube, da irin da ake binnewa tun ruwa bai sauka ba. Ba ya tsawaitawa. Mutane suka sa wa abin suna Kalmar Safiya. Daga 1992 ya riƙa ɗaukarta a kaset, ana kai wa Kiristocin da ke warwatse a Kona da ƙauyukan Tasawa ranar kasuwa, waɗanda da yawansu ba su da majami'a kusa. Da salula ta yawaita, ya koma aika ta da murya kowace safiya.

Rashin Gani

A 2016 ciwon ido ya kama shi, likita ya ce ba ya warkewa. Kafin damina ta kewayo ya daina gani. Ya sanar cewa Kalmar Safiya ta ƙare, domin ba zai yi magana a kan ayar da bai karanta ba da gonar da bai gani ba. An roƙe shi ya faɗa da ka, tunda ya haddace da yawa, ya ƙi. 'Ya'yansa duk suna nesa. Wata da watanni babu saƙo.

A ranin ne Furera, tana da jikoki, ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Ba ta shawarce shi ba. Da damina ta faɗi, wata safiya ta dawo daga gona, ta zauna gabansa da Littafi Mai Tsarki, ta gaya masa cewa binnen da aka yi ya tsiro sai layi biyu na gabas da ɓeraye suka tone, sannan ta ɗora yatsa ta fara karatu harafi harafi. Ya gane ayar tun kalma ta uku, ya ƙarasa mata. Ta rufe Littafin ta ce, "Malam, in za ka riga ni, to karɓi ka karanta da kanka." Bai sake riga ta ba. A safiyar saƙo ya fita, kuma Malam ya faɗa a ciki cewa idon da ya karanta, ya kuma duba gonar, na uwargida ne, kuma ya karɓe shi da godiya. Haka suka yi aiki har ƙarshe.

Rasuwa

Malam Ayuba ya rasu a Tchaké ranar 19 ga Agusta, 2023, bayan gajeriyar rashin lafiya. An binne shi a gonarsa, kamar yadda ya yi wasiyya. 'Ya'yan yayyensa, Musulmi, su suka haƙa kabarin, Mumuni ya yi addu'a.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Sulaiman, malamin makaranta a Yamai, Ibrahim, makaniki a Maraɗi, Saratu, ungozoma a Tasawa, da Hafiza, mai aure a Mayahi. Ya kuma bar matarsa Furera, wadda washegarin jana'iza ta tafi gona kamar kullum, ta dawo, ta karanta aya, ta sanar da masu saurare cewa wake ya yi fure.