Moɗar Tasalla a Tekun Maliya

Tasalla 'yar garin Wagini ce, mai dakan fura, kuma ba ta iya haɗiye magana ba. Zamanin Turawa ta bi mijinta Labaran aikin Hajji a ƙasa. Shekara uku suna tafe, suna tsintar auduga a gonakin Sudan, kafin su kai bakin teku.

Can aka loda su a wani jirgin katako wanda iska ke turawa da ƙaton ƙyalle. Kwana biyu, iska ta ɗauke ɗif. Matuƙan, Larabawa, suka jefa ƙugiyar ƙarfe kusa da wani tsibiri, ko ciyawa babu, aka zauna. Rana ta gasa katako, ƙafa ba ta takuwa. Larabawan sai kamun kifi da facin ƙyalle. Ruwan sha kuwa moɗa ɗaya ce ga mutum a yini.

To, Labaran ya taɓa jin wani malami a Safana ya ce ruwan da ɗanɗanonsa ya sake ba ya alwala. Daga nan bai ƙara karatu ba. Ga teku malala, ya ce gishiri ya ɓata ta. Sai ya kwarara tasa moɗar a ƙafafu, ƙishi ya taso, ya kurɓe rabin ta Tasalla. Kai, wannan mutum! Kwana shida! Leɓenta ya tsage, harshe ya kumbura, ta miƙe sai jiri.

Ran na bakwai ta riga shi kai hannu.

"Tasalla, ruwan salla ne."

"Malam, Larabawan nan da ke alwala da teku, arna ne? Ko kai ka fi su Larabci?"

"Ke, mutane na ji!"

"Su ji! Na bar gyaɗata a gona, na tako shekara uku, don in mutu a kan wankin ƙafarka? Ƙafar ma duk faso!"

Ta shanye tasa, ta shanye tata, ta zura guga a teku ta dangwara masa a gaba. Alhazai suka sunkuyar da kai. Mai jirgi ya tuntsire da dariya, ya ce daga yau rabon gidan nan a hannun matar za a zuba.

Labaran ya yi alwalar yana gunaguni, gishiri na cin fasonsa. Daga baya iska ta taso, suka isa Jidda. Tasalla kuwa ta sauka da ranta, da ƙafarta.