Ruwan Shinkafar Dadu

Duk wanda ya san Braimah a unguwar Fordham Road ya san labarin kwanon da ya shanye. Mutumin Kumasi ne, ɗan unguwar Aboabo, uwarsa mai sayar da wake da shinkafa a bakin tasha. Da ya ƙetara ƙasar Turawa ya yi gadi, ya yi wankin mota, daga baya ya zauna a aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, aikin da ya dace da mutum mai sanyin hannu da son hira irinsa. Aibinsa guda, ba ya iya ganin abin sha a ajiye ya wuce.

A shekarar 2014 aka tura shi wani bene a unguwar Parkchester, wajen wani tsoho ɗan Bangaladash mai suna Makbul Hauladar, wanda kowa ke kira Dadu, wato kaka. 'Yarsa Shirin ta nuna masa magunguna da banɗaki, ta ruga ta kama jirgin ƙasa zuwa wajen aiki. A kan teburin kicin Braimah ya tarar da kwanon tasa cike da farin ruwa mai kauri, da ɗuminsa. Ya sunsuna, ya ji shinkafa. Ya ce a ransa mutanen nan sun san karamci. Ya zuba sukari da madara, ya gama da shi a tsaye.

Da azahar ta gabato Dadu ya ce a fitar da kwanon ƙofar gida. Braimah ya kawo masa shi a wanke, har yana godiya. Tsohon ya daɗe yana kallon cikin kwanon, sannan ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya daina cin abinci. Washegari Shirin ta tace wani ruwan ta ajiye a ƙofa da kanta, amma Dadu ya ce an riga an zo an tarar babu, wanda aka kora kuwa ba ya dawowa don an sake cika kwano. Jikinsa ya fara zubewa. Likita ta ce in aka wuce makon nan a haka, sai asibiti da robar abinci ta hanci, kuma da wuya ya komo gida.

Braimah ya zauna bakin gadon da cokali a hannu. "Dadu, don girman Allah, wane ne ke zuwa?"

Da guntun Turancinsu su biyu labarin ya fito. Dadu ɗan Barisal ne, ƙasar koguna, inda shinkafa ke tsayawa cikin ruwa har ƙirjin mutum, ana kiran wurin rumbun Bangal. Yana yaro, lokacin yaƙin duniya na biyu, Turawan mulki suka ji tsoron Japanawa za su shigo, sai suka kwashe jiragen ruwan mutane, suka janye shinkafa daga yankin. A ƙasar da kwalekwale ne ƙafar kowa. Yunwa ta sauka. Mutane suka daina roƙon shinkafa, don sun san babu mai bayarwa. Ruwan da ake tacewa bayan ta dahu suke roƙo, ana ce masa fen. Wata mata mai goyo takan tsaya bayan dangarsu da tsakar rana tana kiran uwarsa. Ran nan ta zo an riga an ba wasu. Uwarsa ta ce mata ta dawo gobe, za a ajiye mata.

"Ta dawo?" in ji Braimah.

"Tana hanya," Dadu ya ce.

Uwarsa ta ajiye kwanon kullum har ta rasu. Dadu ya ɗauka daga nan. An raba ƙasarsu gida biyu yana ajiyewa, an yi yaƙin da ya haifi Bangaladash yana ajiyewa, kogi ya cinye gonarsu ya koma birnin Dhaka da kwanonsa, ya hau jirgin sama da shi cikin jaka.

Braimah mutum ne mai salla a kan lokaci, abin ya dame shi. Ya juya shi ya juya, ya yanke cewa sadaka ce, sadaka kuwa ba a tambayar mai karɓa takardunsa. Ya ce, "Dadu, ni na sha. Bari ni in ba ta haƙuri."

Shi da ya tashi a gidan da ake barin ruwa ya tsotse cikin shinkafa, ranar ya koyi dafa ta cikin ruwa mai yawa ya tace. Ya fita da kwanon, ya ajiye a bakin ƙofa. Dogon lungun benen babu kowa, fitila ɗaya na kyaftawa, ana jin talabijin ɗin wani gida can nesa. Ya ji kunyar kansa, amma ya durƙusa ya ce da Hausa, "Baiwar Allah, kuskure ne. Baƙo ne ni." Ya shiga ya rufe.

Da ya idar da azahar ya leƙa. Kwanon a bushe, kamar an suɗe da yatsa. Babu mai kyanwa a hawan nan, ya riga ya sani. Lungun na warin laka, irin na bakin rafi bayan ruwa ya janye, kuma daga matattakala zuwa ƙofar siminti na da danshi, tabo-tabo, ƙanana.

Ya kai wa Dadu kwanon. Tsohon ya shafa cikinsa da yatsa, ya ce a kawo shinkafa da kifi.

Shirin ta ce mai shara ne ke zubarwa. Braimah ya ce haka ne, mai shara ne, duk da ya san mai sharar ba ya zuwa sai da safe.

Dadu ya ƙara shekaru uku a gidansa, ya rasu a kan gadonsa da cikinsa a ƙoshe. Shirin ta koma wata jiha, ta bar wa Braimah kwanon don tunawa. Matar Braimah, Nimatu, ce ta fasa zancen a wajen wani suna: maigidanta yanzu tace shinkafa yake kamar Bangali, kuma kullum da rana akwai kwano a ƙofarsu.

Tun daga nan bai huta ba. Ko a makon jiya, a shagon Saani mai kayan Gana, yana shigowa Saani ya janye kofin kokonsa ya rungume.

"Jama'a ku ɓoye abin shanku, ga Braimah! Ei, ɗan'uwa, kai da ka sha na aljana, yanzu kuma kai ne kukunta? Tsohon ya tafi, wa kake wa?"

Braimah ya yi dariya tare da su, ya zauna a kan buhun gari.

"Ni ban ce akwai kowa ba," ya ce. "Amma Saani, wadda ta taso daga Barisal da goyo ta gano Parkchester, kana ganin gidana zai yi mata wuyar nema?"