Sunayen da Na Shafe a Kwamfutar Kawu

Kawuna mai hoto ne a Gyadi-Gyadi. Yawancin masu zuwa shagonsa baƙi ne daga ƙauye, direbobi da leburori da 'yan acaɓa, masu neman fasfo na lasin ko na katin ƙungiya. Da sojoji suka koma bariki kasuwa ta ɗan buɗe masa, har ya sayi kwamfuta ta hannu wurin wani alhaji da ya taho da ita daga Makka. Tana rubuta Larabci, shi ya sa Kawu ya so ta, domin bai taɓa shiga boko ba. Duk hoton da ya zuba a ciki da ajami yake sa masa suna: sunan mutum, na ubansa, da garinsu.

Akwai dalilin wannan wahala. Mutanen nan a kan titi suke kwana su tashi, kuma titi yana cin su. In wani ya rasu, danginsa sukan zo su faɗi suna, Kawu ya nemo hoton ya wanke musu sadaka. Sau da yawa wannan fasfo shi kaɗai ne hoton da mamacin ya taɓa ɗauka a duniya.

Da yanar ido ta kama Kawu, nema ya dawo kaina. Ni kuwa ajamin nawa sai a hankali, ina haɗa baƙi ina gumi, shi yana dariya yana cewa an yi asarar kuɗin makaranta. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Tarauni, na kuma fara koyon wani tsarin kwamfuta na kyauta, kaina ya kumbura. Kwamfutar Kawu ta kwashi cuta, wato bairos, tana ɗaukewa tana dawowa. Na ce masa ya bar mini ita kwana biyu.

"Kai dai ka bi a hankali," in ji shi. "Jama'a ce a ciki."

"Haba Kawu, aikina ne fa."

Na ciro faifanta na ajiya na jona a kwamfutata. Abin da ake yi a nan ba shi da wuya. In za ka jona faifai, sai ka gaya wa zuciyar tsarin, wadda muke kira kanel, da wane jerin haruffa za ta nuna sunayen fayil. In ka yi shiru sai ta ɗauki na Turawa, duk harafin da ba ta gane ba ta sa alamar tambaya a madadinsa. Kalmomi biyu ne kawai za ka ƙara a umarnin. Na taɓa karanta wannan, amma ban ƙara ba.

Sunaye suka fito, alamun tambaya reras daga sama har ƙasa. Mai hankali da ya tsaya. Ni sai na taɓe baki na ce ai rubutun Kawu ne, dama wa yake gane shi, in na mayar zai warware. Na fara kwafar hotunan zuwa kwamfutata. Sunayen da yawan haruffansu ya zo ɗaya duk sun zama suna ɗaya, kwamfuta tana ta tambayata ko ta ɗora sabo a kan tsoho. Na gaji da tambayar, na danna mata e ga duka. Sannan na goge faifan Kawu tas don in kashe cutar.

Sai da na mayar da hotunan na ga abin da na yi. Fiye da rabin hotunan sun tafi, sauran kuma fuskoki ne babu suna. Da na gaya wa Kawu bai yi faɗa ba, na so ma a ce ya zage ni. Ya yi salati, ya ce in miƙo masa butarsa.

Bayan wata biyu wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauye ta wajen Rano. Ɗanta direba ne, ya rasu a hatsari, matarsa ta haihu bayansa. So take yarinyar ta tashi ta san fuskar ubanta. Ta faɗi sunan, na ce mata sai dai mu bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Tun bayan azahar muke bi har aka kira la'asar, tana matso da fuska tana girgiza kai. Muka kai ƙarshe babu shi.

"Inna, na tuna shi," in ji Kawu, idanunsa suna kallon bango. "Dogo ne, da tabo a gira. Sau uku na ɗauka, yana ta dariya ya ƙi tsayawa."

"Shi ne," ta ce, ta sa gefen mayafi a ido. "Wallahi shi ne, Malam."

Ta tashi ta ɗauki ƙullinta. A bakin ƙofa ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, na wahalar da kai yau. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Na ce amin. Kawu yana jina, bai tona ni ba, ni ma ban gaya mata cewa ni na goge hoton ba.