Zumar da Baba Isuhu ya ɓoye a safa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina fitowa daga masallaci yau da safe Sani mai gyaran AC ya kira ni, ko sallama bai yi ba: "Baba Isuhu ya cika."

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba, direban gida ne, mutumin Damagaram, ya daɗe a Riyad tun ban san hanyar makaranta ba. Ɗakinsa na unguwar Jaradiya shi ne majalisarmu ta zuma. Duk Juma'a bayan la'asar kowa zai zo da kwalbarsa, Baba ya karɓe a bakin ƙofa, ya shige ciki, ya zura kowacce a cikin safa. Wankakkiyar safa dai, in ji shi. Ba mu taɓa bincike ba.

Sai ya jera su a faranti. Ga sidir, zumar magarya ta Yaman, wadda kuɗinta zai ciyar da mutum wata guda, ga zumar itacen talha ta kudancin Saudiyya, ga ta baƙala, wato kantin unguwa, mai arha, duk sun zama ɗaya. Mu ɗanɗana, mu kurkure baki da ruwan ɗumi, mu yi ta musu kamar a kanmu aka fara kiwon zuma.

"Harshe bai iya karatu ba," haka yake cewa. "Kada ku koya masa."

Zuwana na farko ina sabon ɗalibi, ta baƙala na iya saya. Da aka cire safa ita ce ta ƙarshe, Sani har da riƙe ciki don dariya. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba bai ko kalli inda nake ba. Ya yago burodin tamis mai zafi, ya tsiyaya ta a kai ya miƙa wa Sani, ya ce, "Ci nan ka ji. Kowace zuma da aikinta." Sani ya cinye ya nemi ƙari. Har yau, ban da Baba, ba wanda ya san ni na kawo ta, sai yanzu da na tona kaina.

Abin da ke ba ni mamaki, shi mai majalisar ba ya sha. Ciwon suga ya raba shi da zuma tun kafin in san shi. Sai dai ya shinshina cokali, ya zuba mana ido. Wallahi daga yadda mutum ya motsa baki yake gane wadda ya lasa. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya damunsa. Ya ce, "Ɗan jami'a, a fuskarku nake sha."

Akwai wata kwalba a saman durowarsa, an ɗaure bakinta da leda. Wansa ne ya ɗebo ta daga amyar da ke kan gawon bayan gidansu, ya ba wani alhaji ya kawo. Wan ya rasu daga baya, amyar ma ta lalace. Kowa ya san dokar kwalbar nan: ba za a buɗe ta ba sai ranar da kafili, wato maigidansa, ya buga masa huruj, bizar barin ƙasa, ya tattara ya koma gida gaba ɗaya.

Juma'ar da ta wuce ta sama muka zauna kamar kullum. A cikin jerin akwai wata baƙa mai kauri, da ɓurɓushin kaki, tana ƙanshin hayaƙi. Muka ba ta na uku. Sidir ce ta ci, kuma tsakani da Allah ta cancanta.

Da ya zare safar, sai ga leda a bakin kwalba. Muka ɗaga kai, saman durowa wayam.

Sani ya yi tsalle: "Mabruk, Baba! An buga huruj ke nan?"

Ya girgiza kai yana murmushi. "Likita ya ce ƙoda ta gaji, sai wanki duk mako. A ƙauyenmu wa zai wanke mini? Gida kam na haƙura. To me ta yi mini da zan ci gaba da tsare ta?"



Na ce, "Baba, da mun sani ai da ita muka ba na ɗaya."

"Da kun ɓata mini majalisa," ya ce. "Na uku ce. Na ji daɗi da ba ku yi mata ƙarya ba."

Sai ya yi bismillah, ya tsoma kan ɗan yatsa, ya ɗora a harshe. Karo na farko ke nan da na ga zuma ta shiga bakinsa. Ya rufe ido ya daɗe. Da ya buɗe ya ce, "Da karan gero Yaya ya yi hayaƙin. Alhamdulillahi, na je na dawo."

Mu ne muke kuka, shi yana ba mu haƙuri. Na karanta babin haƙuri a littattafai har na ci jarrabawa a kai, amma ranar na gan shi zaune a kan tabarma.

Da zan tafi ya danƙa mini kwalbar. "Ku shanye ta. Kada wanda ya sake ajiye ta."

Tana nan gabana, saura rabi. Juma'a za mu zauna in sha Allahu mu cika masa umarni, ba safa.

Za a yi masa salla bayan la'asar, sannan a kai shi makwancinsa. 'Yan uwa na unguwannin Shifa da Batha, wanda ya samu dama ya zo.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Isuhu, ka haskaka kabarinsa, ka sa ciwonsa ya zama kaffara. Ya yi shekaru yana shayar da mu abin da aka hana shi. Ya Allah ka shayar da shi daga ƙoramar zuma ta Aljanna, inda babu likitan da zai ce masa ya isa.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.