Ranar da na ɗauke kan Inna daga cinyar Gwaggo

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Daudawa, aka tura mu Faskari bitar taimakon gaggawa ta kwana biyu. Ba zan yi muku ƙarya ba, shinkafa da kazar da aka ce za a raba ce ta kai ni. Can baya na zauna muna gulma da ƙawata. Abu ɗaya ne ya shiga kaina, shi ma don malamar bitar ta kama ni ina dariya ne, ta fito da ni gaban jama'a ta sa na gwada a kan mutum-mutumin roba har sau biyar: tafin hannu a goshi, yatsu biyu a ƙarƙashin haɓa, a ɗaga. Ta ce wanda ya suma harshensa kan saki ya koma baya ya toshe masa hanyar iska, har ta kwaikwayi ƙarar da yake yi. Na koma mazaunina ina harararta.

Bayan wata huɗu matar yayana ta haihu. Ranar suna aka raɗa wa jaririyar sunan mahaifiyata. Don murna tun da safe Inna take kan tukwane, ta sha maganin sugarta ba ta karya ba, goro kawai take tauna. Wajen azahar, tana zaune a kujera 'yar tsugunno, sai ta sulale ƙasa.

Kafin in ratso taron mata, gwaggona, yayar mahaifina, ta ɗora kan Inna bisa cinyarta, an ƙara da filo, haɓarta ta manne da ƙirji. Wata ta taho da moɗar ruwa za ta ɗura mata. Sai Inna ta fara wani irin minshari mai kakari. Gwaggo ta girgiza kai, ta sunkuya tana laƙƙana mata kalmar shahada. Gida ya ɗauki salati da kuka.

Ni ma na buɗe baki zan kurma ihu, sai na gane ƙarar. Ita ce dai wadda malamar nan ta kwaikwaya.

Na ce, "Gwaggo, don Allah ki ba ni ita."

Ta ce, "Ke ɗiyan nan, mi za ki yi mata? Bar baiwar Allah ta tahi da kalma a bakinta."

Tun da nake ban taɓa musu da Gwaggo ba, ko idonta ba na iya kallo. Ranar na ture moɗar, na zare filon, na sauke Inna a kan tabarma. Na ga ɓarin goro a gefen kuncinta na cire. Na dafa goshinta, na ɗaga haɓar.

Minsharin ya ɗauke cak. Wata ta ce, "Shi ke nan, ta cika!" Wallahi na ɗauka ni na ƙarasa uwata. Na kara kuncina a bakinta ina kallon ƙirjinta, sai na ji ɗumin numfashi, ƙirjin ya tashi ya sauka, ya sake tashi. Na juya ta ta kwanta a gefenta, na riƙe haɓar har yayana ya kawo mota. A asibiti suka ce sugarta ce ta yi ƙasa, kafin magariba ta buɗe ido tana tambayar ko an sauke tuwo.

Ban riƙe Gwaggo a zuciya ba. Ƙauna ce ta sa ta ɗora kan a cinya, abin da ta gada ke nan. Yanzu ita ce ma in wani ya suma take daka tsawa, "Ku cire hilon nan, kar wanda ya ba shi ruwa!" kamar ita ta je bitar.

Malamar nan ko sunanta ban riƙe ba, amma ina yi mata addu'a, da kunyar hararar da na yi mata. Jaririyar tana aji uku yanzu. Jiya na leƙa gida na tarar da ita zaune tsakanin ƙafafun Inna, ana yi mata kitso, Inna na cewa, "Takwara, ɗaga haɓarki mana."