Gyaran da Oga Ya So Mu Ɓoye

Har gobe ba na mantawa da ranar da Oga Ishaya ya ɗora mini sharaɗin kora a kan aikin da na yi da hannuna. A tsakiyar shekarun 2000 ne, ina ƙaramar mai rubuta manhaja a shagonsa da ke saman bene a Samaru.

Babban kwastomanmu Baba Dogara ne, mai maɗaba'a a Sabon Gari, wanda ke buga littattafan waƙoƙin coci. Manhajar da muka yi masa mun gina ta ne a kan wani laburare na kyauta, wato tarin aikin da masu sana'armu na ƙasashe daban-daban suka haɗa, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Sai dai laburaren nan Turanci kawai ya sani. In ya zo yanke layin Hausa sai ya farfasa haruffa, kwanan wata kuma ya fito da Turanci. Na zauna na koya masa ya fara tambayar harshen mai aiki kafin ya taɓa rubutu. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba.

Al'adar wannan sana'a ita ce ka mayar da gyaranka ga masu kula da laburaren. Da na faɗa wa Oga, sai ya cire tabarau.

"Rifkatu, kin taɓa ganin makanike ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa sirrin injin? Emeka, abokin gasarmu na Sabon Gari, zai kwashe a banza."

Na ce, "Oga, mu ma a banza muka kwasa."

"To aika. Amma ranar da Baba Dogara ya bar mu, ke ma ki bi shi."

Ƙannena biyu da albashin nan suke karatu. Duk da haka na hau acaɓa zuwa shagon intanet na aika gyaran. Mai kula da laburaren, wani Bature da ban taɓa gani ba, ya dawo da shi ya ce in ƙara gwaje-gwaje. Na ƙara, ya karɓa, har ya sa sunana a matsayin mai kula da sashen harsuna.

Abin da Oga ya hango kuwa ya faru. Emeka ya sauke sabon laburaren, ya yi wa Baba Dogara sauƙin farashi, Baba ya koma wurinsa. Oga ya daina amsa gaisuwata. Na fara kwashe kayana daga durowa.

Ana haka Baba ya samu aikin littafi mai Hausa da Ibo a shafi ɗaya, abin ya gagari Emeka. Ya rubuta wa Baturen yana neman taimako. Amsar ba ta da tsawo: mai kula da wannan sashe sunanta Rifkatu, kuma a garinku take.

Da safe sai ga su sun hawo benenmu, Baba a gaba, Emeka a baya yana share gumi.

"Oga Ishaya, abeg," in ji Emeka, "ina Madam Rifkatu?"

Oga ya dube ni, ya dubi jakar da na cika, ya ce, "Mayar da kayan nan, baƙi na jiran ki."

Ku da kuka shigo sana'ar yanzu, ku riƙe wannan. Da a ce na ɓoye gyaran nan, Emeka zai gano nasa ko ba jima ko ba daɗe, kuma ba wanda zai san da ni. A aikinmu, wanda ya bayar shi ake nema.