Shekarar da Verlene Ta Rataye Tankin Feshi

Verlene Sapp ta gaji da feshin magani a lambu tun kafin likita ya hana ta. Abin da likitan ya ƙara kawai shi ne ya nuna mata hoton kafaɗarta, ya ce jijiyar ta yage, in ta sake goya tankin nan to ta nemi mai taje mata kai. Ta dawo gida ta rataye tankin a rumfar mota. Ko kaɗan ba ta yi baƙin ciki ba ranar. Wani sanyi ma ta ji a ranta, sannan ta ji kunyar jin sanyin.

Shekara talatin ta yi tana girki a makarantar firamaren garinsu, can kudancin Jojiya, inda in ka ɗaga kai, in ba gyaɗa ba sai auduga. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu da daɗewa. Ɗansu ɗaya yana Atlanta, sai ranar Lahadi ake jin muryarsa. Abin da ya rage mata shi ne filin bayan gida, kuma tun tana da ƙarfinta ta cika shi da furen yini, wanda kowane fure yake buɗewa da safe ya mutu da yamma, gobe wani ya maye. Ba saye kawai take yi ba, barbara take yi da hannunta. Kafin ta tafi aiki za ta bi kunya-kunya, ta dangwalo garin wannan fure ta shafa wa wancan, ta ɗaura zare. Irin da ya fito ta adana a firiji kusa da man shanu. Ɗaruruwa za su tsiro, ta zaɓi biyu ko uku, sauran su tafi juji.

Sai tsatsa ta shigo gari. Cuta ce ta ganye: ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa, in ka goga farin ƙyalle sai ya fito ja-ja kamar ka goge tsohuwar ƙusa. Mutanen arewacin ƙasar sanyi yana kashe musu ita kowace shekara. Mu nan ina muka ga sanyin? Sai kowa ya sayi tanki. Verlene ma ta saya, kowace Litinin ta goya, ta bi lambun kaf, har da ƙananan tsiron da take gwadawa.

To, a nan wautarmu take, mu masu wannan harka, kuma ba na cire kowa. Fuskar fure muke kallo. A zo yawon lambu a watan Yuni, ka ga tsofaffi sun dudduƙa suna auna faɗin fure, suna yaba gefensa da idon tsakiyarsa, ba mai leƙa ganye. Kuma tunda ana fesa komai, ta yaya za a san wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa? Verlene ta shekara ashirin da wani abu tana zaɓen kyakkyawa cikin kyawawa, magani yana rufa musu asiri.

Cikinsu akwai ɗaya da ta fi ji da ita. Ruwan goro-goro ce mai haske, gefenta a tattare kamar bakin leshi, idonta shuɗi mai duhu. Wannan ta yi wa yayarta Ozella alkawari. Ozella ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta bar makaranta ta shiga masaƙar riguna, ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. A wajenmu in ka fitar da sabon fure kai za ka raɗa masa suna, ƙungiyar masu furen ta yi masa rajista, sunan ya zauna har abada. Daga nan a raba gindinsa, 'yan ƙungiya kowa ya tafi da nasa. Ozella ta haura tamanin, da kwalbar iskar numfashi take yawo, amma duk haɗuwarsu sai ta tambaya.

"Auta, yaushe ne sunan nawa? Ko sai na mutu za ki kawo min shi kan kabari?"

"Bana, Yaya. Bari ta ƙara yawa."

"Bana, bana. Haka kika ce bara."

Shekarar da aka rataye tanki, bazara ta wuce lafiya. Furanni suka yi abin da suka saba, har Verlene ta fara tunanin ko ashe wahalar banza ta sha. Sai ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa. Kafin ƙarshen Satumba lambun ya zama abin tausayi. Wasu ganyen suka yi dogon zane rawaya tun daga tsakiya suka bushe, wannan tsohuwar cuta ce, ta san ta. Amma tsatsar! In ta ratsa kunya sai farar safarta ta fito ja. Ta riƙa bi tana juya ganye ɗaya-ɗaya da hannun hagu. Akwai waɗanda ko a jikinsu, kore shar, 'yan kaɗan, yawancinsu tsofaffin iri masu rawayan fure da ba mai tsayawa kallonsu. Ta Ozella kuwa ita ta fi kowa lalacewa. Ganyenta ya kwanta a ƙasa, kuma duk na kusa da ita sun kwasa.

Ta tafi taron ƙungiya na wata a zauren coci da wannan a ranta. Ana cin soyayyar kaza da kuɓewa, sai ta ji Wanda Crews, mace mai baki, tana ba da labari a ɗaya teburin.

"Ni fa na tumɓuke Marjorie jiya. Ƙazama! Duk ta shafa wa maƙwabtanta. Na cusa ta a buhun shara, ko juji ban yarda na kai ta ba."

Aka yi dariya. Fure take nufi, kowa ya sani. Haka muke maganarsu, da sunansu, kamar mutane. Verlene ma ta sha faɗin irin haka. Amma ranar sai ta tuna cewa Marjorie ɗin nan matar wani ce ko uwar wani, a wani gari, wanda ya zauna ya zaɓa mata furen da ya fi so. Kazar ta fita ranta.

Shugaban ƙungiyar, Hoyt Purvis, ya zo ya zauna kusa da ita, ya tambayi labarin sabuwar da za ta yi wa rajista. Ta gaya masa gaskiya.

"Haba, Verlene, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ki yanke ganyen, ki sa wani ya fesa miki wata biyu, ta fito fes, mu ɗauki hoto. Kowa haka yake yi."

"In ta je gidan mutane fa?"

"Su fesa mana. Tankinsu ya fi naki tsada."

Ba mugu ba ne Hoyt, haka ya taso ya gani. Ta ce masa za ta yi tunani.

Ta yi tunanin har ya ishe ta. Tana iya haɗa ta Ozella da ɗaya daga cikin masu ƙarfin nan, ta jira 'ya'yan, ta bar su ba magani ta ga wanda zai tsaya. Hanyar ke nan, ta sani. Amma aikin shekaru ne, kuma ba lalle kyan ya biyo ba. Ita da take kasa ɗaga tukunya, Ozella da take hutawa tsakanin ƙofa da mota.

Ranar Lahadi bayan coci ta ɗauko yayarta, kamar yadda ta saba. Maimakon baranda sai ta kai mata kujera har bakin kunya, ta ajiye kwalbar iskar a gefe. Ta tsinko ganye ɗaya ta goga a farin hankicinta ta miƙa mata.

"Ga ta nan, Yaya. Ba ta da lafiya. Tun asali ba ta da ita, ni ce ban sani ba."

Ozella ta dubi hankicin, ta dubi gindin da ya kwanta.

"Furen fa? Ya daina kyau?"

"Kyau kam yana nan. Amma in na fitar da ita, duk lambun da ta shiga sai ta ɓata shi. Wata rana wata za ta zauna a taro ta ce, na jefa Ozella a shara, ƙazama ce. A yi dariya. Ba zan iya jin wannan ba. Ko ina kabari ba zan iya ba."

Ozella ta daɗe tana jan numfashi, kwalbar tana 'yar ƙararta.

"In kin sake haɗa wata sabuwa, shekara nawa?"

Verlene ta sunkuya ta tsinke busasshen ganye ɗaya ta yar.

"To ai shi ke nan, na gane." Ozella ta ninke hankicin ta riƙe a cinyarta. "Ke dai kin cika tsanani, auta. Don ba ta iya tsayawa sai da magani? Ni da me nake tsaye? Je ki duba jakata ki ga ƙwayoyi. Ba wanda ya tumɓuke ni tukuna."

"Yaya…"

"Kada ki ba kowa. Ni ma ba na son bakin Wanda. Amma ki sa sunana a kanta a nan, inda zan zo in gani. Abin da na roƙa ke nan tun farko, ke ce kika kai shi ƙungiya."

Ba a yi rajistar ba. Verlene ta sa wani maƙwabci ya haƙe gindin ya mayar da shi can ƙarshen fili, nesa da sauran, ta kafa ƙaramin allon ƙarfe mai sunan Ozella. Ragowar lambun ta bar shi ga ikon Allah: wanda ya tsaya ya zauna, wanda ya faɗi ya tafi buhu, kuma fiye da rabi sun tafi. Ta daina zuwa yawon lambu na Yuni, don ba ta da abin nunawa.

Ozella ta ga furen sau ɗaya da sunanta a ƙarƙashinsa, a kujerar nan, ta ce an rubuta harafin farko a karkace. Ba ta kai Yunin gaba ba.

Verlene tana nan. Ta sayi 'yar kwalbar feshi ta hannu, irin ta goge tagogi. Kowace Litinin takan taka har ƙarshen fili, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya ta fesa ƙarƙashinsa da hannun hagu. Tashi ne yake ba ta wuya, shi ya sa takan ɗan jima a wurin.